Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tawadar Hoto Take Ƙin Bushewa?

Filin namu na wannan fitowa ya karkata ga ƙananan firintocin gida masu fesa tawada, domin wasiƙu da dama sun zo a kan matsala guda, wato a buga hoto ya fito a jiƙe, ya kuma ƙi bushewa. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramar firinta a gida wadda nake buga takardun karatun yara da ita, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba. Kwanan nan na sayi fakitin takarda mai sheƙi don in buga hotunan iyali, sai na ga hoton yana fitowa a jiƙe, har bayan kwana biyu idan na shafa yatsa a wurin da yake da baƙi sai tawadar ta biyo hannuna. Gashin kai da inuwa su suka fi lalacewa, amma ja da shuɗi sun ɗan kama. Firintar ce ta lalace, ko kuwa tawadar ce jabu? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce firintar ce ta lalace, tunda firintar da ta samu matsala takan bar fararen layuka a cikin hoto ko ta ƙi fitar da wani launi gaba ɗaya. Abin da kika bayyana ya fi kama da rashin jituwa tsakanin abubuwa uku, wato tawadar da take cikin firintar, da takardar da kika saka, da saitin da kika zaɓa kafin ki danna bugawa. Idan ɗaya daga cikinsu ya saɓa wa sauran biyun, hoto ba zai kama ba ko da firintar sabuwa ce fil.

Bari mu fara da tawadar. Mafi yawan abin da yake cikinta ruwa ne, sai launi, sai wasu sinadarai irin su gilisarin da danginsa, waɗanda aikinsu shi ne su riƙe danshi. Da gangan kamfanoni suke zuba su, domin 'yan ƙofofin da tawada take fitowa ta cikinsu sun fi silin gashi ƙanƙanta, kuma ɗigon da wasu firintocin hoto suke fesawa bai wuce fikolita 1 zuwa 2 ba, alhali fikolita guda kashi ɗaya ce cikin tiriliyan na lita. Da tawadar tana saurin bushewa a iska, da kullum sai ta daskare a bakin ƙofofin. Saboda haka aka haɗa ta a kan cewa takarda ce za ta shanye ta da farko, daga baya ruwan ya fice a hankali. Takardar rubutu ta yau da kullum tana yin wannan aiki cikin sauƙi, saboda zaren jikinta yana tsotse ruwa nan take, shi ya sa takardun yaranki ba su taɓa damunki ba. Ita kuwa takardar hoto, mafi yawanta an lulluɓe ta gaba da baya da siririyar roba, wadda akan nuna da haruffan RC a jikin fakiti, don kada ta jiƙe ta yi kunya-kunya. Tunda ruwa ba zai ratsa robar ba, duk nauyin shan tawada yana kan wani siririn shafi da aka yi a saman fuskar takardar.

Wannan shafi iri biyu ne manya. Akwai mai ƙananan ramuka, wanda aka yi da garin silika ko alumina, shi ne wanda akan rubuta a fakitinsa cewa yana bushewa nan take. Akwai kuma mai kumbura, wanda aka yi da sinadarai irin su jelatin, wanda yake shan ruwa a hankali, ya kumbura, ya haɗiye launin, sannan ya koma ya rufe a kansa. Bambancinsu kamar na rairayi da laka ne idan aka zuba musu ruwa: rairayi ya shanye kafin a ɗaga buta, laka kuwa ta daɗe tana danƙo. Akwai hanyar ganewa a gida. Ki ɗan jiƙa yatsa ki taɓa kusurwar takardar da ba a buga ba. Idan ta yi danƙo ko santsi, mai kumbura ce, idan kuwa ta tsotse danshin yatsan ya riƙa cijewa, mai ramuka ce.

Tawadar ma iri biyu ce. Ta farko ita ce tawadar rini, wadda launinta ya narke sarai a cikin ruwa, don haka duk inda ruwa ya shiga launin zai bi shi. Claria ta Epson da ChromaLife100 ta Canon suna cikin wannan rukuni. Ta biyu ita ce tawadar figiment, wadda ƙwayoyin garin launi ne masu tsananin laushi suke yawo a cikin ruwan ba tare da sun narke ba, kamar DURABrite da UltraChrome na Epson, da Lucia ta Canon. Figiment ta fi jure rana da ruwa, amma ƙwayoyinta ba sa iya nitsewa cikin shafi mai kumbura, sai su zauna a sama suna jiran yatsan da zai kwashe su. Wanda ya haɗa figiment da takarda mai kumbura, ko mako guda ya jira, hoton zai ci gaba da gogewa.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne cewa baƙin ne ya ƙi kamawa, alhali ja da shuɗi sun zauna, kuma a nan gizo yake saƙar. Firintocin gida da yawa suna amfani da baƙin figiment don rubutu ya fito tsaf a takardar yau da kullum, su kuma yi amfani da rini a sauran launuka. A wasu firintocin Canon za ki ga kwalaben baƙi guda biyu, babba mai alamar PGBK da ƙarama mai alamar BK. Babbar ta rubutu ce, ƙaramar ta hoto. Waɗanda kuma ba su da baƙi na biyu, sukan haɗa ja da shuɗi da rawaya ne su samar da baƙi idan za su buga hoto. Firinta ba ta san irin takardar da kika saka ba sai abin da kika faɗa mata. Idan kika bar saitin a kan takardar rubutu, sai ta fesa baƙin figiment a kan fuska mai sheƙi, sakamakon kuwa shi ne daidai abin da kika gani a gashin kai da inuwa. Haka abin yake a manyan firintocin hoto masu baƙi mai alamar PK da MK, domin PK na takarda mai sheƙi ne, MK kuwa an yi shi ne don takarda marar sheƙi, yana kuma gogewa a kan mai sheƙi.

Don haka kafin ki sake bugawa, ki buɗe saitin firintar ki canja nau'in takarda zuwa takardar hoto mai sheƙi. Ki kula sosai idan daga waya kike aikawa, saboda manhajojin waya sukan ɓoye wannan zaɓi su bar shi a kan takardar rubutu, wasu firintocin kuma sai an gyara a ƙaramin allon da yake jikinsu ma. Daga nan ki ɗauki fakitin ki karanta da kyau ko an rubuta cewa na firinta mai fesa tawada ne. Akwai takarda mai sheƙi da aka yi don firintar lesa, wadda take aiki da hoda da zafi, fuskarta ba ta shan ruwa ko kaɗan, kuma a ido ba a bambanta su. Idan irinta kika saya, babu saitin da zai gyara, sai dai a canja takardar. Ki kuma tabbatar fuskar da ta dace ce take kallon tawada, domin a wasu firintoci ana kifa takarda ne a cikin faranti, a wasu kuma ana ɗaga fuskarta sama, kuma bayan takardar roba ce zalla. Shawarata ita ce ki gwada da ƙaramin hoto mai girman santimita 10 da 15 kafin ki ɓata babbar takarda.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Hotunana suna bushewa daga baya, amma suna fitowa da wasu ƙananan ɗige-ɗige a jere daga sama har ƙasa kamar an bi da allura, musamman a wuri mai duhu. Wani lokaci kuma launin yakan taru ya yi dabbare-dabbare a fuskar mutum, gefen takardar kuma ya ɗauki baƙin shafi. Mene ne mafita? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, abubuwa uku ka haɗa, kowanne kuma da dalilinsa, ko da yake tushensu guda ne, wato takarda tana tafiya kafin ta gama shan abin da aka zuba mata. Idan ka leƙa bakin da takarda take fitowa, za ka ga wasu ƙananan tayoyin ƙarfe masu haƙora. An yi su da tsini ne don su riƙe takarda ba tare da sun taka fili mai yawa ba, amma idan tawadar tana jiƙe ko shafin takardar ya yi laushi, kowane haƙori sai ya ɗaga ɗan launi ya bar farin ɗigo. Kada ka cire tayoyin, kamar yadda wasu suke yi, domin idan babu su takarda za ta riƙa tasowa tana gogar kan firinta, wato ɓangaren da yake kai-komo yana fesa tawada.

Maganin shi ne a rage wa firintar gudu, a kuma rage mata yawan tawada. Ka zaɓi bugu mafi inganci, ka kashe zaɓin bugun sauri wanda yake sa kan firinta ya fesa tawada a tafiya da dawowa, domin idan yana fesawa ta gefe guda kawai, kowane layi yana samun ɗan lokacin shiga kafin na gaba ya hau kansa. A manhajar firintocin Canon akwai wurin ƙara lokacin jiran bushewa tsakanin shafi da shafi, Brother kuma tana da zaɓi na musamman don takarda mai jinkirin bushewa, wasu firintocin Epson kuwa suna ba da damar rage kaurin launi. Inda akwai wannan dama, ka rage kaɗan-kaɗan kana gwadawa, har dabbare-dabbaren ya ɓace ba tare da hoton ya koɗe ba. Wannan taruwar launi alama ce ta cewa shafin saman takardar ya cika ya tumbatsa, ɗigo yana haɗuwa da ɗigo kafin ya nitse, kuma an fi ganinta a takardar da ba ta kamfanin firintar ba, tunda an auna yawan tawadar kowane saiti ne da takardar kamfanin. Idan takardar wani kamfani kake amfani da ita, ka duba 'yar takardar bayani da take cikin fakitin, sau da yawa sukan faɗi saitin da ya dace, idan kuwa babu, ka gwada nau'o'in takardar hoto da suke cikin jerin ɗaya bayan ɗaya, domin ba tawada ɗaya suke zubawa ba.

Baƙin shafin gefe kuwa daga gogar kan firinta yake, idan takarda ta yi kauri ko kusurwarta ta lanƙwashe. Ka miƙar da ita da hannu kafin ka saka, ka kunna zaɓin takarda mai kauri wanda yake ƙara tazara tsakanin kai da takarda, sannan ka wuce da farar takarda biyu ko uku ba tare da bugu ba don su share tawadar da ta maƙale a tayoyin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na buga hoton mahaifiyata, na taɓa na ji ya bushe, na saka shi a firam. Bayan 'yan makonni sai na ga wani hazo a cikin gilashin, kuma siffar hoton ce ta fito a jiki. Wasu hotunan da na jera a kan juna kuma sun manne. Shin hoton ya lalace ke nan? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hoton da yake cikin firam bai lalace ba. Ki buɗe firam ɗin, ki goge gilashin ta ciki, za ki ga hazon ya tafi. Abin da ya faru shi ne takarda mai ramuka tana ruɗar hannu, domin tawadar ta shige cikin ramukan, sama ya bushe, amma ruwan da sinadaran riƙe danshi suna nan a ciki. Ruwan yakan fice da wuri, sinadaran kuwa suna da nauyin tashi, kuma tunda bayan takardar roba ne, ta fuska kaɗai suke da hanyar fita. Idan aka rufe su da gilashi sai su sauka a jikinsa, kuma inda tawada ta fi yawa a nan hazo ya fi kauri, shi ya sa kika ga siffar hoton.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a shimfiɗa kowane hoto shi kaɗai, fuskarsa a sama, na aƙalla minti 15 ba tare da wani abu ya taɓa shi ba, sannan a bar shi sa'o'i 24 kafin a saka a albam ko firam. Ga hoton da za a rufe da gilashi ina ganin ya fi kyau a ƙara mataki guda: a ɗora masa farar takardar rubutu ya kwana da ita. Washegari za ki ga takardar ta yi ɗan kunya-kunya, alamar ta tsotsi abin da yake fita. Sai ki canja wata, ki ci gaba da haka har sai kin ɗaga takarda kin same ta a miƙe. Hoto mai duhu sosai ya fi ɗaukar lokaci. A firam ɗin kuma a sa kwali mai taga tsakanin hoto da gilashi don kada su haɗu, domin takarda mai sheƙi idan ta jingina da gilashi aka samu laima takan manne, kuma ɓanɓare ta yana tafiya da fuskar hoton. Wannan jira ya shafi mai son rufe hoto da leda ta na'urar zafi, saboda zafin yana tayar da ragowar danshi ya zama kumfa ko gajimare a ƙarƙashin ledar, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Waɗanda suka manne da juna kuwa, gaskiya sau da yawa sake bugawa ya fi sauƙi, tunda hoton yana nan a waya ko kwamfuta. Wani amfanin jiran kwana guda shi ne launi yana ɗan canjawa yayin da yake bushewa, musamman na rini, don haka kada ki yanke hukunci a kan hoto da zarar ya fito.

Tambaya: Malam, da damina hotuna sun fi daɗewa kafin su bushe. Ko zan iya amfani da na'urar busar da gashi, ko in shanya su a rana? Daga wani mai karatu.

Amsa: Rana kam a'a, Malam, domin haskenta shi ne babban abokin gabar tawadar rini, zafinta kuma yana nannaɗe takarda. Na'urar busar da gashi ma idan da zafi ce tana iya lanƙwasa takardar, iskarta mai ƙarfi kuma ta tura jiƙaƙƙiyar tawada ta manna mata ƙura. Fanka mai juyawa a hankali daga nesa ta wadatar, ɗaki mai na'urar sanyaya iska kuma ya fi, saboda tana rage laima. Masu yin takardar hoto sukan ba da shawarar a yi bugu a zafin digiri 15 zuwa 25 na ma'aunin Salshiyas, da laimar iska ta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kuma da zarar laima ta haura haka iska ba ta da sauran wurin karɓar ruwan da yake fita daga hoto. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne takardar da kanta tana shan laima tun kafin a buga ta. Ka riƙa ciro iya wadda za ka yi amfani da ita, ka mayar da sauran cikin ledarta ka rufe, kada ka bar ta tana kwana a farantin firinta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, tawa matsalar akasin ta sauran ce. Na yi wata biyu ban kunna firinta ba, yanzu rawaya ba ya fitowa sam, hotuna sun koma shuɗi-shuɗi. Wani ya ce in zuba wata tawadar daban da ya ce ta fi kyau. In zuba? Daga wani mai karatu.

Amsa: Kada ka zuba tukuna, Malam. Taka tawadar ta bushe ne a inda ba a so, wato a bakin ƙofofin kan firinta. Sinadaran riƙe danshi suna jinkirta daskarewa ne kawai, ba sa hana ta har abada. Ka fara da buga shafin gwajin ƙofofi daga sashen kula da firinta. Zai fito da layuka na kowane launi, inda ka ga giɓi a nan toshewar take. Sai ka yi wankin kai sau ɗaya, ka sake gwaji. Idan ka yi sau biyu ko uku ba a samu ci gaba ba, ka dakata ka bar firintar ta huta na sa'o'i da dama, ko ma ta kwana, domin sabuwar tawada ta jiƙa busasshiyar ta yi laushi. Maimaita wanki babu ƙaƙƙautawa yana cinye tawada, yana kuma cika soson da yake tara sharar tawada a cikin na'urar, wanda idan ya cika wasu firintoci sukan tsaya cak sai an canja shi. Kada kuma ka ci gaba da buga hotuna alhali launi guda ba ya fitowa, musamman idan firintarka Canon ce ko HP. Irin waɗannan suna fesa ɗigo ne ta hanyar dumama tawada da ƙananan wayoyin zafi, tawadar ce kuma take sanyaya su, don haka aiki a bushe yana iya ƙona su. Epson da Brother suna tura ɗigon ne da wani sinadari mai motsi idan lantarki ya taɓa shi, babu zancen ƙonewa, amma a yawancinsu kan a haɗe yake da na'urar, canja shi kuma aiki ne babba.

Game da tawadar da aka ba ka shawara, ka fara sanin ko rini ce ko figiment, ka kuma tabbatar an yi ta ne don samfurin firintarka. Cakuɗa iri biyu a tanki guda yana iya sa su dunƙule su toshe kan gaba ɗaya, kuma akwai tawadar da ake bugawa don a manna zane a riga ko kofi da zafi, wadda idan aka buga ta a takardar hoto launinta yakan fito a dushe. Idan rawayan ya dawo, ka riƙa buga ƙaramin shafi mai ɗauke da dukkan launuka sau ɗaya a mako. Ka kuma riƙa kashe firintar da maɓallin jikinta, ka jira ta yi shiru kafin ka zare waya daga soket, domin a wannan ɗan lokaci ne kan yake komawa mazauninsa, inda wani murfin roba yake rufe ƙofofin ya hana iska shiga.